Ciwon da Soja Ke Dawowa da Shi Gida

Ƙasar Kabi ta san yaƙi tun ba a san bariki ba. Daga shekarar 1805, lokacin da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, har zuwan Turawa, kusan shekara ɗari mutanen kwarin Rima ba su rataye kwari da baka ba sai na ɗan lokaci. Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849. An sami sararin da ake kira Lafiyar Toga daga 1867 zuwa 1875, daga nan aka koma gidan jiya. A zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau gado a 1883, garuruwa irin su Augie da ke tsakanin Argungu da Sakkwato su ne a bakin daga. Namiji a nan manomi ne da damina, masunci in ruwa ya janye, mayaƙi kuma duk ranar da aka buga tambari.

Mayaƙin wancan zamani in ya ji rauni gida ake kawo shi, gidan kuwa ba nisa. Wanzami ya ciro kibiya, ya yi sakiya in wurin ya tara mugunya. Maɗori ya ɗaure karaya, malam ya ba da rubutu, uwa ta dama kunu. Da yawa sun mutu da raunin da yau allura 'yan kaɗan za su warkar, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wanda ya je yaƙi da wanda ya zauna tsaron gari abu ɗaya suka sani. Dajin da aka gwabza kowa ya san shi, wanda aka rasa kowa ya san ubansa. In mutum ya zabura cikin dare yana kiran sunan abokinsa, matarsa ta san abokin, ta san kuma inda ya faɗi.

Aikin soja irin na Bature ne ya raba mayaƙi da wannan gata. Lugga ya kafa rundunar Yammacin Afirka a 1897, da Hausa ake ba da umarni a cikinta. A 1902 Turawa suka girke soja a Argungu, kuma wata ƙungiya daga can tana cikin waɗanda suka auka wa Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Tun daga nan yaƙi ya zama aikin albashi, ana ɗaukar saurayi a kai shi inda danginsa ba su taɓa jin suna ba: Kamaru da Gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Habasha da Bama a na biyu. A ƙasar da ta zama Jihar Kebbi a 1991, Zuru ce ta fi shahara da wannan sana'a, har ya zama da wuya ka sami zuriyar da ba ta da soja. Amma babu masarautar da ba ta ba da 'ya'yanta ba.

A daidai wannan zamani wani tarihin yana tafiya a Turai, kuma dole wata rana su haɗu. Wajen 1804 wani matashi mai haɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ƙaron tsiron fofi, wanda ake yin ofiyom da shi. A 1853 aka sami sirinji. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 shi ne babban fagen farko da aka gwada su tare. Likitoci na yanke ƙafafu da hannaye ba adadi, mofin ne kaɗai ke sa mutum ya daina ihu. Bayan yaƙi aka tarar da tsofaffin sojoji birjik ba sa iya wuni sai da shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne John Pemberton, hafsan da aka sara da takobi a ƙirji a 1865. Neman abin da zai raba shi da mofin na cikin abin da ya jefa shi haɗe-haɗen da suka haifi Coca-Cola a 1886, kuma ya mutu a 1888 bai rabu da shi ba. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin yana tallarsa a matsayin maganin tari. Kowane sabon magani a wannan dangi da alkawari ɗaya yake zuwa, wai shi ba ya kama mutum kamar na baya.

Fiye da 'yan Nijeriya dubu ɗari suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a Bama a 1944, ta 82 ta bi baya, suka haɗu suka ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Sunayen da aka kwaso daga yaƙin Bama suna nan a ƙofofin barikokinmu: Dalet a Kaduna, Cindit a Zariya, Letmauk a Ibadan. A wannan yaƙi mofin ya fito daga asibiti ya shiga jakar ma'aikacin jinya na bakin daga. Ɗan bututu ne kamar na man goge baki, da allura a bakinsa. A fasa hatimin, a caka a cinya, a matse. Sojojin Amurka kan maƙala fankon bututun a wuyan rigar wanda aka yi wa, don kada wani ya zo ya ƙara masa ya kashe shi.

Sai dai mofin bai biyo mazan jiya kasuwar Argungu ba. Yana kulle a kabad ɗin likita, ba a sayar da shi a tebur. Abin da ya biyo su shi ne abin da suka gani. A 1944 aka buɗe wani tsohon kurkuku a Lantoro, Abeokuta, don ajiye sojojin da aka dawo da su da taɓin hankali. Daga wannan tushe ne asibitin Aro ya tashi, inda Dakta Adeoye Lambo ya fara aikinsa a 1954. Saura kuwa an sallame su da lambar girma da 'yan fam, kowa ya kama gabansa. A garuruwanmu aka san tsohon soja da zafin rai, da faretin da yake yi shi kaɗai in ya ji ƙarar wani abu, yara na bin sa suna dariya. Ba wanda ya ce ciwo ne. Likitocin ƙwaƙwalwa na shekarun 1960, irin su Tolani Asuni, sun danganta yaɗuwar tabar wiwi a ƙasar nan da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama. Gwamnatin soja ta amsa da dokar 1966 mai tsananin hukunci a kan wiwi. Hukunci aka tanada, ba a tambayi me mai sha yake ƙoƙarin mantawa ba.

Yaƙin basasarmu ya maimaita abin da girma. Sojan Nijeriya bai wuce kusan dubu 10 ba kafin 1967. Zuwa Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250. An kira tsofaffin 'yan Bama, an kwashi samari daga gona da tasha an ba su horon 'yan makonni. Da aka gama, ba a san yadda za a yi da su ba, rage yawansu ya ɗauki shekaru. Sai aka tura soja Laberiya daga 1990, sai Saliyo. Ana yi wa waɗanda suka faɗi addu'a duk 15 ga Janairu, ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru. Masu rai suna layin tantance 'yan fansho da takardunsu cikin leda.

A nan ya kamata mu dakata a kan Biyetnam, domin a can ne aka fara bin sawun soja daga fagen fama har ɗakinsa da ma'auni. A 1971 'yan majalisar Amurka biyu, Robert Steele da Morgan Murphy, suka dawo daga ziyara suka ce tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na sojojinsu a can sun kamu da hiroyin. Hankalin ƙasar ya tashi. Shugaba Nixon ya ba da umarni kada soja ya hau jirgin komawa gida sai an auna fitsarinsa, wanda aka samu da ƙwaya a jiki a tsare shi ya bushe tukuna. Aka ɗora wa wata masaniya, Lee Robins, aikin bin waɗanda suka dawo a watan Satumba na shekarar, mutum wajen 900. Ta gano fiye da kashi 40 sun taɓa hiroyin ko ofiyom a can, kashi 20 kuma sun ce ya kama su sosai. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, cikin waɗanda ya kama, kusan kashi 5 kacal suka sake faɗawa a shekarar farko bayan dawowa, kashi 12 cikin shekara uku. A lokacin an ɗauka wanda hiroyin ya kama ya kamu ke nan har kabari.

Dalilin ba wani sihiri ba ne. A Biyetnam hiroyin na da araha, mai kyau ne, ana zuƙarsa a sigari, kowa a tanti na yi, ga tsoro ga kewa ga zaman jiran mutuwa. A gida yana da tsada, sai an nemo shi a lungu, sai da allura, ga uwa ga mata ga aikin da za a fita da safe. Yaƙin ya tsaya a can, kasuwar ƙwayar ma ta tsaya a can. Ina ganin wannan shi ne darasi mafi nauyi a duk tarihin nan: abin da ke yanke wa tsohon soja hukunci ba ƙarfin zuciyarsa kaɗai ba ne, har da irin garin da ya tarar.

Amurkawa da kansu sun ga ɗaya fuskar bayan shekara talatin. Sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan sun tarar da ƙasa cike da ƙwayoyin kashe zafi irin su OxyContin, kuma likita ne ke rubutawa. Sulke da jirage masu saukar ungulu sun sa mutane na tsira da raunin da a da kisa ne, suna dawowa da ciwon baya da na kai da ba ya ƙarewa. Wani bincike da Dakta Karen Seal ta jagoranta, wanda ya fito a 2012, ya duba tsofaffin sojoji sama da dubu 141 masu fama da ciwon jiki. Waɗanda ke da ciwon firgicin bayan yaƙi, kusan kashi 18 cikinsu an rubuta musu dangin mofin; waɗanda ba su da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kashi 6 da rabi. Wato mutumin da ya fi kowa haɗarin kamuwa shi aka fi bai wa, domin shi ne ya fi kuka da ciwo, kuma ƙwayar ba jiki kaɗai take kwantar masa ba. Sai a 2013 hukumar kula da tsofaffin sojojinsu ta fara shirin rage rubuta ta.

Tamu ƙwayar ita ce tiramol. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa ta a 1962, ya fara sayarwa a 1977, da alkawarin da aka saba, cewa ita mai sauƙi ce. Saboda haka ba ta shiga jerin magungunan da dokar duniya ta kulle ba, masana'antu a Indiya suka dinga buga ta ana lodawa zuwa tashoshin ruwan Legas, Kwatano da Lome. Abin da hukuma ta yarda da shi a Nijeriya miligiram 50 ne da 100, kuma likita ba ya wuce 400 a wuni. Wadda ke yawo a tasha 200 ce, 225, har 250. Ƙwaya biyu daga ciki sun kai iyakar wuni ko sun haura ta. Tana ɗauke gajiya da yunwa, tana rage tsoro, tana sa mutum ya ji zai iya. In ta yi yawa sai ta kayar da shi yana shure-shure da kumfa a baki, mutane su ce iska ce ko farfaɗiya. In ya rasa ta, hanci na zuba, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa, barci ya ƙaurace. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba, so yake ya iya miƙewa.

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya faɗo daidai lokacin da wannan kasuwa ke buɗewa. A Disamban 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi cewa tiramol ɗin da ake kamawa a yankin ya tashi daga kilo 300 a 2013 zuwa fiye da tan 3 a shekara, kuma ana samun ta a aljihun 'yan ƙunar baƙin wake. A 2018 BBC ta ji daga bakin tsofaffin mayaƙan ƙungiyar da 'yan ƙato da gora a Maiduguri cewa ɓangarorin biyu duk suna sha kafin shiga daji. Sojan gwamnati a tsakiyarsu yake, iska ɗaya yake shaƙa. Ka duba halinsa: an kai shi Marte ko Malam Fatori, an ce shekara biyu, ya yi huɗu ba canji. Yana gadi dare da rana, ƙugunsa ya riƙe saboda nauyin harsashi, ya kwashe gawar wanda suka ci tuwo tare jiya. A Agustan 2018 sojoji sun yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri suna cewa sun daɗe a daga ba za su koma ba. A Fabrairun 2020 wani kofur a sansanin Malam Fatori ya harbe abokan aikinsa huɗu ya kashe kansa. Ba na jingina waɗannan ga ƙwaya. Ina nuna irin nauyin da ke kan mutumin da abokinsa zai miƙo wa ƙwaya ɗaya ya ce, "Sha ka samu ka rintsa," ko "Sha ka samu ka tsaya."

To ga inda tarihinmu ya rabu da na Biyetnam. Sojan da ya baro Borno ya sauka a tashar Argungu ya hau mashin zuwa Augie bai baro kasuwar a baya ba. Ta riga shi isowa. Binciken ƙasa da aka fitar a farkon 2019 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramol da kodin. Kebbi na da iyaka da Nijar da Benin, hanyoyin Kamba da Kangiwa da Bachaka ba su ƙirguwa. Kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya haɓaka a fadama, ƙwadago ya yi yawa. Yaron da zai wuni sunkuye cikin laka yana dashe, an yi jinga da shi kan ya gama fage kafin la'asar, ya san abin da ake jefawa a shayi da asuba. Tsohon soja in ya zauna a bencin mai shayin nan, ba sai ya tambaya ba.

Gwamnati ta yi abin da ta saba. An haramta maganin tari mai kodin ranar 1 ga Mayu 2018, bayan fim ɗin binciken BBC. A Afrilun shekarar Indiya ta sa tiramol ƙarƙashin doka, a Nuwamba aka kama ƙwaya sama da miliyan 500 a tashar Apapa. 'Yan kasuwa suka sauya haɗi, suka kawo tapentadol gauraye da maganin sakin jijiya da sunaye irin su Tafrodol, wanda ya fi tiramol ƙarfi, har sai da wani binciken ya fallasa wani kamfanin Mumbai a Fabrairun 2025. Abin lura, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ta daɗe a hannun sojoji: Manjo Janar Musa Bamaiyi, ɗan Zuru, ya riƙe ta a shekarun 1990, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya tun 2021. Sojoji sun jagoranci kama ƙwaya. Jinyar sojan da ƙwaya ta kama ita ce ta zo a makare. Sai a 2022 ƙungiyar matan hafsoshin tsaro ta aza harsashin cibiyar kula da masu firgicin yaƙi a Giri, Abuja. A lokaci guda kuma mofin na gaskiya, wanda mai ciwon daji ko wanda aka yanke wa ƙafa ke buƙata a hannun likita, yana wuyar samu a asibitocinmu. Wanda ciwonsa na gaske ne, kemis ake tura shi.

Yanzu kuma yaƙin ya dawo gida, kamar zamanin Sama'ila, amma ba tare da gatan wancan zamani ba. A Maris 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da 60, bayan kwana biyu suka kashe sojoji 13 a Kanya. Ranar Juma'a 8 ga Nuwamba 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kore shanun mutanen Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, jama'a suka bi sawu, aka kashe mutum 15. Waɗanda suka tsira daga wannan artabu sun ga abin da soja ke gani. Suna kwana a bakin gari da bindigar toka, da safe su wuce gona. Su ma tsofaffin mayaƙa ne, ko da ba wanda zai kira su haka, kuma su ne suka fi kusa da bencin mai shayi.

Magani akwai shi. Ana rage ƙwayar a hankali ƙarƙashin kulawar likita, ba a yanke ta dare ɗaya ba, ba kuma a ɗaure mutum da mari a gidan horo ba. Akwai allurar nalokson da ke dawo da numfashin wanda ƙwaya ta danne. Firgicin yaƙi kansa ana jinyarsa, kuma in ba a taɓa shi ba, duk wanda aka raba da tiramol zai nemi wani abin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma likitocin wannan fanni a ƙasar ba su kai 300 ba, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da Augie yana Kware, a Jihar Sakkwato. Mutum zai biya kuɗin mota zuwa can, ya kuma jure a ce an kai shi Kware, kalmar da ke hana aure a wasu gidaje.

Rundunar soja ta san lambar kowane ɗanta, ta san ranar da ya shiga Sambisa da ranar da ya fito, tana kuma iya nemo shi duk inda yake in lokacin tantance fansho ya yi. Mai iya wannan yana iya zaunar da shi gaban likita kafin sallama, a tambaye shi yadda yake barci da abin da yake sha, a sake tambayarsa bayan wata shida a asibitin Argungu ba sai ya je Kaduna ko Abuja ba. 'Yan sa-kan Mera da na Sakaba ba su da lamba, sunayensu na wurin hakimai da dagatai ne kaɗai, kuma daga wurinsu ya kamata ma'aikatar lafiya ta jiha ta karɓa.